Mota Mai Lambar Tennessee

Aikina a garin Corliss roƙo ne, sai dai roƙo na mai sanye da kwat da takalmi mai tsini. A jikin ƙofarmu an rubuta Ofishin Jawo Masana'antu na Gunduma, kuma mu uku ne a ciki: ni Marlene Hudak, da shugabana Gene Pruitt, da injin dafa kofi, wanda a gaskiya ya fi Gene amfani. Shekara shida na yi ina rubuta wa kamfanoni wasiƙa ina cewa ku zo Ohio, muna da kogi, muna da layin dogo, muna da mutanen da suka gaji aikin ƙarfe tun daga kakanni. Su amsa min cikin ladabi, su wuce kudu abinsu.

Ba sai an faɗa mana dalili ba. A can haraji da sauƙi, wutar lantarki da araha, fili kyauta ake ba ka, har titi a shimfiɗa maka zuwa bakin ƙofa. Uwa uba, dokarsu ba ta tilasta wa ma'aikaci shiga ƙungiyar ƙwadago. Mu kuwa a Corliss yaro kan haddace lambar reshen ƙungiyar babansa kafin ya haddace lambar gidansu. Ina alfahari da hakan, ina kuma jin haushinsa, duka a lokaci guda.

A kakar 1984 aka yi mana waya daga Chicago. Wani kamfani na neman inda zai kafa masana'anta ta mutum ɗari shida. Ba a faɗi sunansa ba, don dama ba a faɗi. Haka sana'ar take: kamfani ya ɗauki hayar mai duba wuri, a laƙaba wa aikin sunan banza, namu Shirin Agwagwa aka kira shi, sannan a kawo takardar rufe baki a sa hannu. Ba a tambayar baƙo cikakken sunansa, ba a gaya wa kowa abin da ya kawo shi, ko miji ne ko Fada na coci. Suna tsoron farashin fili ya tashi, suna kuma tsoron ma'aikatan tsohuwar masana'antarsu su ji labari su tada ƙura. In magana ta fita, a ranar za a soke sunan garinku. An yi wa wani gari a Indiana haka, saboda magajin garin ya kasa riƙe bakinsa a shagon aski.

Gene ya sa hannu. Na sa nawa.

"Da gari arba'in suka fara," ya ce, "saura uku. Mu, da wani a Tennessee, da wani a Carolina ta Kudu. Marlene, ko a mafarki kika yi maganar nan sai na ji."

"Ni kaɗai nake kwana, Gene. Kai ne abin tsoro, mai zuwa aski duk Asabar da kan da ko gashi uku babu."

Matsalar ita ce an shiga mako na goma sha ɗaya ana yajin aiki a Ketterly, masana'antar birkin motoci da ke Titin Kogi, wadda ita kaɗai ta rage tana hayaƙi a garin. Ƙanena Stosh na cikinsu, shekara goma sha huɗu yana zuba narkakken ƙarfe a can. Kamfanin ya ce ko su yarda a rage albashi ko ya kwashe injinansa ya yi kudu. Don ya nuna ba da wasa yake ba, ya fara kwaso 'yan aikin haya daga can, waɗanda mutanenmu ke kira ɓeraye. Ya kuma ɗauko masu gadi masu baƙaƙen kaya, suna yawo da kyamara suna ɗaukar fuskokin masu yajin aiki. Duk wanda hotonsa ya fito, takardar kora ce za ta same shi a gida.

Kwana biyar kafin zuwan baƙonmu, wata motar ɓeraye ta ƙi tsayawa a bakin ƙofa. Ta kwashi Lenny Baran, dattijon da ya koya wa Stosh aiki, ta ja shi a ƙasa kamar taku ashirin, sannan ta bi ta kansa ta shige. An yanke masa ƙafar dama daga gwiwa. Ba a kama direban ba. Abu ɗaya kowa ya gani, lambar motar ta Tennessee ce.

Ranar Talatar da baƙon zai zo na biya ta gidan Mama da sassafe. Na tarar da Stosh a kicin yana cin ragowar pierogi, 'yan ƙulle-ƙullen fulawa masu dankali a ciki, a tsaye, ƙotar gatari jingine da firij. Ya rame, gemu ya cinye masa fuska, rigarsa sai ƙaurin hayaƙin duron wutar da suke jin ɗumi a bakin ƙofar masana'anta.

"Ga 'yar ofis nan," ya ce. "Ji turare. Yau kuma wa za a je yi wa fadanci?"

"Wanda zai ba ka aiki in ka gama wasa da sanda."

"Wasa ko? Je ki asibiti ki gaya wa Lenny wasa ne."

"Ba a kicin ɗina ba, ku biyun nan," in ji Mama, ta dangwara min kofi a gaba.

Matarsa Connie saura wata biyu ta haihu. Ya riga ya faɗa, in Ketterly ta rufe zai bi yayyenmu biyu zuwa rijiyoyin man Texas, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage wa Mama a garin. Ni mutum ɗari shidan nan fuska ɗaya gare su a wurina, ta Stosh. Maganar ta zo min har baki: ku ajiye sanduna yau kaɗai, akwai aiki a hanya. Amma na san ƙanena. In ya ji da ƙarfe bakwai, kafin takwas duk Titin Kogi ya ji. Sai kawai na ce, "Stosh, don Allah yau ka kama kanka."

"Kullum a kame nake, Marly." Ya sumbaci Mama a goshi, ya saɓa ƙotarsa ya fita.

Baƙon ya iso ofis ƙarfe tara daidai. Gajere ne mai ɗan tumbi, ya ba hamsin baya, da tabarau mai kauri da kyamara a kafaɗa. "Ku kira ni Walt," ya ce, kuma iyakar sunan da muka samu ke nan. Gene ya hau zuba kamar rediyo, rangwamen haraji na shekara goma, bututun ruwa, ƙarfin wuta. Walt ya bar shi har ya gaji.

"Duk na karanta wannan a takarda, Mista Pruitt. Gari na zo gani. Madam ɗin nan ta isa ta raka ni."

Da muka fito na ga motar da ya ɗauko haya a filin jirgin Pittsburgh. Farar mota ce irin ta kowa. Amma motocin haya haka suke, wani ya tuƙo daga wata jiha ya ajiye, a wanke a miƙa wa na gaba. Lambar Tennessee ce a jikinta.

"Mu tafi a tawa mana," na ce. "Ta fi ɗumi."

"Ni nake tuƙi, ina auna hanya." Ya taɓa agogon awon lokaci da ke rataye a wuyansa.

Na dubi Gene, ya zare min ido, wato kada ki musa wa baƙo. To me ma zan ce? In ce a garinmu lambar mota na iya jawo a fasa maka kai? Ai da na faɗi haka mun gama yawo tun ba mu fara ba. Na buɗe ƙofa na shiga, ina gaya wa kaina cewa hanyar da na tsara ba ta ko kusanci Titin Kogi ba.

Walt ya iya aikinsa, wannan ba na hana shi. A filin da muka tanada ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza, ya ƙirga taku daga nan zuwa layin dogo. Ya sha ruwan famfo a gidan mai. Ya tsaya a bakin makarantar sakandare yana kallon ko tagogin a fashe suke. Ya zagaya wurin ajiye motoci na babban kanti, ya ce ba sababbin motoci yake nema ba, tsofaffi masu tsafta yake nema, don mai kula da tsohuwar mota zai kula da injin wani. Komai ya gani sai ya rubuta a takardar da ke maƙale a wani ɗan allo da yake riƙe da shi, ya juya ta yadda ba zan leƙa ba.

Da rana muka ci abinci a shagon Dot. Ya ci yanka biyu na kek ɗin tuffa, yana jan Dot da hira.

"Mutanen garin nan suna da zuciya kuwa?" ya tambaye ta.

"Zuciyar aiki ko ta faɗa?"

"Duka."

"To duka gare su, ƙaunatacce. In ƙaro maka kofi?"

Ya yi dariya har tabaransa ya zame. Bayan ta tafi ya ce min babansa mahaƙin kwal ne, ya yi yajin aiki sau huɗu, na ƙarshen da karyayyen haƙarƙari ya dawo gida. "Masu biyana suna tsoron ƙungiya kamar mutuwa," ya ce. "Ni ba na tsoronta. Na ga masana'antu a kudu da ba ƙungiya, kuma ba wanda ya iya gyara inji in ya tsaya. Ina iya shawo kansu, in na samu abin da zan riƙa." A nan na ji ina son mutumin, har na fara hango Stosh da sabuwar rigar aiki.

Muna komawa mota ya shimfiɗa taswirar da na ba shi a kan sitiyari. "Kin zana min hanya mai kyau, Marlene. Amma babbar mota ba za ta wuce ƙarƙashin gadar nan ba. Ta ina manyan motoci ke bi zuwa babban titi?"



"Titin Kogi," ya ce. "Na san da yajin aikin, ina karanta jarida. Kowane gari ana yi. Yadda ake yinsa nake son gani. In na tarar da mutane riƙe da kwalaye suna shan kofi, zan rubuta cewa ma'aikata ne masu jin yunwa, ba wani abu ba. Gurbi ɗaya ya rage min in cike a takardata."

"Mu bari sai gobe da safe."

"Jirgina yau ne, ƙarfe shida na yamma." Ya danna agogonsa, ya tada mota.

Tun daga kwanar gidan ruwa na hango hayaƙin durorin. Sun kai mutum ɗari biyu, don lokacin canjin aiki ya kusa, lokacin da ɓeraye ke fitowa. Motocin 'yan sanda uku na can nesa a ƙarshen titi. Na zame a kujera ina addu'ar mu wuce kamar kowa. Da mun wuce ɗin kuwa, sai dai reshen layin dogo ya ratsa titin daidai gefen ƙofar Ketterly, kuma shi Walt ke son gani. Ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗaga kyamara.

"Walt, ajiye wannan."

Ƙyas. Ya riga ya ɗauka.

Na ji wani ya ce, "Ku dubi lambar." Ba da ƙarfi ma ya faɗa ba. Sai gaba ɗaya suka taso.

Wani ya wurgo katako mai ƙusoshi ƙarƙashin taya, motar ta yi tsalle ta zauna a kan ƙarfe. Bulo ya sauka a gilashin gaba, ya tsage kamar gizo-gizo ya yi saƙa, na biyu ya shigo ciki ya faɗo min a cinya. Suka kama motar suna jijjigawa, kaina na bugun rufi. Sanduna na sauka a kan bonet da fitilu. Wani hannu ya shigo ta taga ya damƙi igiyar agogon da ke wuyan Walt ya murɗe, fuskarsa ta yi ja, harshensa ya fito. Suka fizge ƙofar, suka jawo shi waje ta wuya, takalminsa ɗaya ya tsaya a kan birki.

Na fito ta ɗaya gefen, gilashi na zuba daga gashina. Duk na san su. Akwai wanda muka yi aji ɗaya da shi, akwai mai karɓar kuɗin sadaka a cocinmu. Sun jingina Walt da motar, mutum biyu na riƙe da hannayensa, an riga an fasa masa leɓe. Wani ya buga kyamarar da ƙasa ya bi ta da dunduniya.

Duane Kovach, shugaban reshen ƙungiyar, ya ratso yana ture mutane. Mutum ne mai hankali, ya ɗaga hannu suka ɗan lafa.

"Marlene Hudak? Me kike yi a motar ɓeraye?"

"Ba ɓera ba ne, Duane. Motar haya ce. Baƙon ofishinmu ne."

"To madalla. Ya sunansa?"

"Walt."

"Walt wa?"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma na ga yadda rashin sanin ya sauka a fuskokinsu.

"Kin yini a mota da mutum ba ki san sunansa ba," in ji Duane. "Kai malam, wa kake wa aiki?"

Walt ya tofar da jini. "Ba zan iya faɗa ba."

Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Wani ya kai masa naushi a ciki ya naɗe, suka sake miƙar da shi. An zaro allonsa daga mota, Duane ya duba, amma ba sunan kamfani a kai, ba sunan gari, sai lambobi da alamomi. Ga mai neman ɗan leƙen asiri, wannan ya isa shaida.

"Marlene," Duane ya rage murya, "ba zan iya riƙe su ba. Ki ba ni wani abu. Me ya kawo shi?"

Na dubi Walt. Tabaransa ya karye, ido ɗaya ya fara kumbura, amma ya dube ni ya girgiza kai a hankali. Shi ma ya sa hannu a tasa takardar, kuma shekara ashirin yana cin abinci da riƙe baki. Ni kuma, ba zan ɓoye ba, lissafi nake yi. Na ce a raina za su ɗan mare shi, 'yan sanda su iso, ɗan mahaƙin kwal ne, zai fahimta. Amma in na furta a gaban mutum ɗari biyu, gobe yana jarida, Shirin Agwagwa ya mutu. Ina tsaye ana dukan mutum, ni ina auna wanne ya fi araha.

Sai ga Stosh. Daga ƙofar baya ya zagayo a guje, ƙotar na hannunsa. Ya dubi lambar motar, ya dubi fasasshiyar kyamarar, sannan ya gan ni, jini na bin goshina inda gilashi ya yanke ni.

"Marly." Muryarsa ta yi sanyi. "Shi ya sa kika ce in kama kaina?"

"Ba abin da kake zato ba ne."

"To mene ne? Kalma ɗaya. Ki ce min wane ne shi, ni da kaina zan raka shi har babban titi."

Kuma da ya yi. Na san ƙanena, da ya tsaya a gaban mutumin da ƙirjinsa. Na buɗe baki, na hango hannun Gene a kan takarda, na hango gini mai mutum ɗari shida a filin da Walt ya murza ƙasarsa.

"Ba zan iya ba, Stosh. Na sa hannu."

"Kin sa hannu," ya maimaita. "Da su."

Ya juya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kamar an fasa kabewa a kan siminti. Ƙotar ta sami Walt a gefen fuska na hagu, waɗanda ke riƙe da shi suka sake shi don firgita, ya zube. Stosh ya sake ɗagawa ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙashi ya ba da amsa. "Wannan na Lenny ne," yake cewa, yana kuka. Wasu suka shigo da takalman aiki masu bakin ƙarfe.

A lokacin na faɗa. Na faɗa kan Walt na rufe shi da jikina, takalmi ya same ni a haƙarƙari, ina ihu da iyakar muryata: masana'anta ya zo dubawa, aiki ɗari shida, mu uku muka rage, aiki ya kawo muku, ku jakai. Duk abin da na ƙi faɗa da sauran amfani, na zazzage shi a titi bayan ya zama banza.

Suka ja da baya ɗaya bayan ɗaya. Ƙotar ta faɗi daga hannun Stosh. Yana tsaye a wurin, baki buɗe, har 'yan sanda suka iso da hayaƙi mai sa hawaye da kulake. Bai gudu ba, bai kare kansa ba. Su uku suka rufe shi, suka karya masa hannu a wuri biyu, suka zubar masa da haƙora huɗu, ina durƙushe ina toshe kan Walt da rigar kwat ɗina, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna.

Walt bai mutu ba. Ya rasa idon hagu, kuma har yau in zai yi magana sai ya ɗan tsaya ya nemo kalmar. Washegari na je inda aka ja motar don in ɗauko jakata, na tarar wani ya mayar da allon kan kujera. A karo na farko na karanta takardar. Layuka uku ne a tsaye, ba suna, amma na gane namu. Layin dogo, mu ne a gaba. Ruwa, mu ne. Iya aiki, ya ba mu maki mafi yawa har ya ja layi biyu a ƙarƙashi. A haraji da wuta an fi mu, amma ba da yawa ba. Gurbi ɗaya ne babu komai a ciki, na ƙarshe, zaman lafiyar ma'aikata. Na zauna a cikin fasasshiyar motar na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Hoton motar ya fito a jaridun jihohi da yawa. Ba wanda ya yi mana waya daga Chicago, ba sai an yi ba. Masana'antar ta tafi Tennessee. Da bazara Ketterly ma ta kwance injinanta ta bi bayanta. An yanke wa Stosh shekara huɗu. Connie ta haifi mace, ta dawo gidan Mama da zama. Gunduma ta rufe ofishinmu, Gene ya koma sayar da inshora, injin kofi kuma ni na ɗauke shi.

Wata takwas ina zaune ba aiki, sai ga waya daga wata gunduma a Tennessee, suna neman mai jawo musu masana'antu. Walt ne ya ba da sunana. Mutumin da ya kira ni, da muryarsa mai laushi irin ta kudu, ya ce, "Madam Hudak, an ce min ana fasa kan mutum a gabanki, ƙaninki na roƙonki, ba ki buɗe baki ba sai da komai ya ƙare. Irinki muke nema." Yabo yake yi, har cikin ransa. Na so in kashe wayar. Amma akwai mata biyu da jaririya a gidan Mama, kuma ba mai kawo ko burodi. Na karɓa.

Na iya aikin, abin haushin ke nan. A shekara uku na jawo masana'antu biyar daga arewa, biyu daga Ohio. In baƙi marasa suna suka zo, ina nuna musu fili da titi da takardar haraji, sannan in rage murya in ce, a nan ba a tare mota a bakin ƙofa. Sukan gyaɗa kai su rubuta. Duk wata ina aika wa Mama abin cefane. Na rubuta wa Stosh wasiƙa goma sha ɗaya, bai amsa ko ɗaya ba.

An sake shi wata safiyar Maris, da sauran dusar ƙanƙara a gefen titi. Mama ba ta iya doguwar tafiya, Connie na aiki a kanti, don haka ni na tuƙo awa tara na je ɗaukarsa. Na sayo masa rigar sanyi sabuwa, na kuma zo da labari: na yi magana da wani manaja a can, zai ɗauke shi aikin zuba ƙarfe duk da tarihin gidan yari. A masana'antar Shirin Agwagwa ce, amma wannan na bari sai mun hau hanya.

Ya fito da ledar kayansa a hannu, furfura ta fito masa a gemu, hannun da aka karya ya ɗan lanƙwashe. Na fito na tsaya a jikin mota. Ya matso har ya kusa, na ga alamar zai yi murmushi da ragowar haƙoransa.

"Marly."

"Stosh. Shiga, akwai sanyi."

Ya zagaya ta baya don ya sa ledarsa a but ɗin motar, sai ya tsaya. Sai a lokacin na tuna. Shekara uku ina tuƙa motar, na daina ganin lambar Tennessee da ke jikinta.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗago.

"Tambaya ɗaya na yi miki a ranar," ya ce. "Kalma ɗaya na roƙa."

"Na sani."

"Da kin faɗa, aikin kawai za mu rasa."

Gaskiya ya faɗa. Ya gyara riƙon ledarsa, ya tambayi mai gadin ƙofa inda ake hawa bas, aka nuna masa. Na bi shi a hankali da mota, gilashi a sauke, ina kiran sunansa har bakin tashar. Bai waiwayo ba. Da bas ɗin ta zo ya shiga, ya zauna a gefen da ba ya kallon titi, rigar sanyin kuma tana kujerar baya a cikin ledarta.